Yadda ake haɗa turaren rana mai ƙamshin 'ya'yan itace wanda ba ya hawa kai a bazara

Turaren da ya kwanta miki a jiki da daddare cikin hunturu, shi ne zai hau miki kai da azahar a watan Afrilu. Kwalbar ɗaya ce, hannun da ya fesa ɗaya ne, zafi ne kawai ya shiga tsakani. Idan rana ta take a Kano ko Sakkwato, ma'aunin zafi ya kai 40 ko ya ɗara, abin da kika shafa yakan tashi daga fata da gaggawa, kuma ya taso gaba ɗaya maimakon bi da bi. Ƙamshi mai sanyi irin na lemo ya gudu cikin 'yan mintoci, ya bar mai zaƙi irin na banila shi kaɗai yana dahuwa da gumi. Daga nan sai tashin zuciya a cikin adaidaita, sai ciwon kai a ofis, sai ki ga ta kusa da ke tana jan mayafi zuwa hanci.

Saboda haka dokar turaren rana a ƙasar zafi guda ce: zaƙin ya fito daga 'ya'yan itace, kada ya fito daga sukari. Banila a irin wannan haɗin kamar kanwa take a miyar kuɓewa. 'Yar kaɗan ta gyara, ta yi yawa ta ɓata tukunya. Duk ma'aunin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi.

Mangwaron cikin kwalba ba daga bishiya ya fito ba

Yawancin 'ya'yan itace ba sa ba da man ƙamshi. Mangwaro, abarba, kankana, gwaba, tuffa, har sitiroberin da ake nomawa a Jos, ruwa ne da sukari, ƙamshinsu ba ya tatsuwa yadda na fure ko na itace yake tatsuwa. Dangin lemo ne suka fita daban, domin nasu man a ɓawo yake. Ki lanƙwasa ɓawon lemun zaƙi a hasken rana, za ki ga ɗan feshi ya tashi. Shi ne man.

Sauran duk masana sinadarai ne ke haɗa su, kuma wannan ba aibi ba ne. Manyan gidajen turare na Faransa da su suke aiki fiye da shekara ɗari. A 1919 kamfanin Guerlain ya fitar da Mitsouko da sinadarin da ke ba da ƙamshin ɗan itacen nan da ake rubuta Peach a jikin kwalbarsa, wanda masu sana'a ke kira C-14. Shi kuwa etil maltol, mai ƙamshin alawar auduga, turaren Angel na Thierry Mugler ne ya buɗe masa ƙofa a 1992, tun daga nan kasuwa ta cika da turaren mata mai zaƙi. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, da yawa daga man 'ya'yan itacen da ake sayarwa an riga an zuba musu irin wannan sukarin tun daga kamfani. Man sitiroberi ya fi kowa. Idan kika sayo shi kika ƙara masa banila da yawa, kin zuba zuma a kan alewa.

Kada kuma ki jiƙa yankan mangwaro ko abarba a etanol, wato sinadarin barasa da ake narkar da man turare a ciki, da nufin samun ƙamshi na asali. Ruwa da sukari za ki samu, su yi danƙo a fata, su kira tururuwa.

Sayayya

A manyan kasuwanni, irin Sabon Gari a Kano, akwai masu sayar da man turare a awo, mil 3, mil 6, mil 12. Ki je da safe kafin hanci ya gaji da ƙurar kasuwa. Ki tafi da farar takarda mai ɗan kauri da kika yayyanka siri-siri, faɗin yatsa, da biro. Kowane mai ki ɗiga a takardarsa, ki rubuta sunansa. Kada ki shinshina bakin kwalba, abin da ke sama kawai za ki ji. Bayan mai uku ko huɗu hanci ya daina bambancewa, sai ki fita daga shagon ki shaƙi iska, ko ki shinshina hannun rigarki. Wanda ya fi shi ne ki kai takardun gida ki sake ji bayan awa biyu, domin a nan ne man arha ke tona asirin kansa: mangwaron ya gudu, warin roba ko na sabulun wanki ya rage.

Gwajin da ba a tsallakewa shi ne na narkewa. Ki ɗiga ɗigo biyu na man a cikin cokalin shayi na etanol. Idan ya ɓace ruwan ya zauna garau, ya yi. Idan ya dunƙule ya kwanta a ƙasa, ko ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, an sirka shi da wani man da ba ya narkewa, ba zai yi turaren feshi ba.

Miski kuma ki nemi fari mai gudu kamar ruwa. Mai kaurin nan da ake kira miskul ɗahara na shafawa ne kai tsaye, a haɗin feshi yana iya kawo hazo ya toshe kan kwalba.

Sai maganar sinadarin da ake narkar da man a ciki, wadda ta fi komai muhimmanci a sayayyar. Etanol ake so, mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin 100. Za a iya miƙo miki metanol a ce ai duk ɗaya ne kuma ya fi arha. Ba ɗaya ba ne. Metanol guba ne, yana shiga jiki ta fata da ta numfashi, yana iya makantar da mutum. A ido kamarsu ɗaya, hanci ma ba abin dogaro ba ne wajen raba su, don haka ki sayi wanda ke rufe da hatimi da takardar suna, wurin wanda aka san shi, ba na cikin jarka marar suna ba. Sifirit ɗin kemis na goge ciwo shi ma ba ya yi. Warin asibiti gare shi da ba ya fita, kuma sau da yawa akwai metanol a ciki.

Malamai sun yi saɓani a kan turare mai etanol. Wasu na ganin babu laifi tunda ba don sha aka yi shi ba, wasu na ƙyamarsa musamman a kayan sallah. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tsallake na feshin, ta yi na mai da ke ƙasa. Ƙamshin ɗaya ne.

Kayan aiki ba su da yawa: sirinji na mil 1 da na mil 5 da na mil 20 waɗanda aka cire wa allura, ƙaramin mazurari, kwalaben gilashi masu duhu da murfi mai kamawa sosai, kwalbar feshi ta mil 30, kwalbar murzawa mai ƙwallo a kai ta mil 10, da littafin rubuta awo. Kwalabe ki wanke su, ki ɗauraye da etanol, ki kife su bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a gindin kwalba ya isa ya dusashe turare. Kada ki yi amfani da kwalbar da aka taɓa zuba humra ko oud a ciki, ko sau nawa kika wanke sai ƙamshin ya dawo.

Uwar turare

Za a fara haɗa zallar man tukuna, wato uwar turare, mil 10. Daga cikinta ne za a fitar da na feshi da na murzawa da na fesa jiki bayan wanka.

Ƙamshi hawa uku ne. Na sama shi ne wanda hanci ke fara ji, ya kuma fara tafiya. Na tsakiya shi ne jikin turaren, wanda mutane za su san ki da shi. Na ƙasa shi ne mai nauyi da ke riƙe sauran, ya kwana a mayafi. Ga rabon:

Na ƙasa, mil 2.5
- farin miski, mil 1.5
- sandal, mil 0.6
- banila, mil 0.4

Na tsakiya, mil 4.5
- mangwaro, mil 1.5
- Peach, mil 1.5
- yasmin, mil 1
- wardi, mil 0.5

Na sama, mil 3
- lemun zaƙi, mil 1.5
- koren tuffa, mil 1
- abarba, mil 0.5

Ki lura banila kashi 4 ce kacal cikin 100. A ido kamar rowa, amma mangwaro da Peach sun riga sun ɗauko nasu zaƙin, aikinta kawai ta tausasa gefen ƙamshin. Furannin biyu kuma ba ado ba ne. Idan babu su, haɗin zai fito kamar lemun kwalba ko sabulun wanka na yara. Yasmin ne ke mayar da shi turaren babbar mace. Koren tuffa da abarba su ne tsamin da ke yanka zaƙi, kamar yadda tsamiya ke yi a kunu. Abarbar dai kada ta wuce rabin mil, tana da kaifi, idan ta yi yawa sai ta koma warin man goge farce.

Wadda ta fi son sitiroberi ta sa shi a madadin mangwaro, amma mil 1 kawai, ta cire banila gaba ɗaya, ta cike gurbin da lemo da tuffa. Kankana tana shiga a madadin tuffa, tana ba da sanyi. Ayaba kuwa a bar ta. Sinadarin da ke ba ta ƙamshi yana cikin abin da ƙudan zuma ke fitarwa idan sun yi harbi don kiran 'yan'uwansu, ba abin shafawa ba ne ga mai zama ƙarƙashin bishiya da rana.

Kafin ki zuba mil 10, ki yi gwaji da ɗigo 20, domin mangwaron wannan shago ba shi ne na wancan ba. Miski 3, sandal 1, banila 1, mangwaro 3, Peach 3, yasmin 2, wardi 1, lemo 3, tuffa 2, abarba 1. Wannan kusan mil 1 ne. Ki zuba masa etanol mil 6, ki rufe, ki bar shi kwana biyu, sannan ki shafa a hannu da tsakar rana, ba da daddare ba, ki ji shi bayan minti 10, bayan awa ɗaya, bayan awa uku. Idan wani mai ya danne sauran, yanzu ne lokacin rage shi, tun asarar ba ta wuce ɗigo ba.

Ranar babban haɗi ki zaɓi safiya, a ɗaki mai iska, nesa da murhu da gas da kaskon turaren wuta. Tururin etanol yana kama wuta ko a zafin ɗaki, kuma harshen wutarsa shuɗi ne da ba a cika gani da rana ba. Ki fara zuba na ƙasa, ki juya kwalbar a hankali, ki ji. Sai na tsakiya, ki sake ji. Sai na sama a ƙarshe. Jerin ba ya canza sinadarin, amfaninsa hancinki ya san abin da kowane hawa ya ƙara. Bayan kowane mai ki zuƙi etanol kaɗan a sirinjin ki watsar, kuma kada ki bar man lemo ya jima a ciki, yana kumbura robar da ke tura ruwan har ta ƙi motsi. Ki rufe kwalbar ki ajiye kwana uku zuwa bakwai kafin ki narkar.

Abu guda game da miski. Akwai mutanen da hancinsu ba ya jin wasu nau'o'insa sam, alhali na kusa da su suna ji sosai. Idan kika ji kamar miskin bai fito ba, kada ki ƙara. Ki ba wata ta shinshina tukuna.

Kashi uku daga uwa ɗaya

Na feshi, mil 30: uwar turare mil 4.5, etanol mil 25.5. Wannan kashi 15 ne cikin 100, kuma shi ne iyakar da ta dace da rana. Turaren dare yakan kai kashi 20 ko fiye. Idan a wuri mai cunkoso kike wuni, aji ko asibiti ko banki, ki sauko zuwa kashi 12, wato mai mil 3.6 da etanol mil 26.4. Ki zuba man a kwalba mai duhu, ki bi shi da etanol, ki girgiza na minti ɗaya. Ba a sa ruwa. Ba a sa gilisirin, danƙo kawai yake ƙarawa. Abin da ake sayarwa da sunan fiksatif don riƙe ƙamshi ba dole ba ne, miski da sandal suna wannan aikin. Idan kin nace, kada ya wuce rabin mil, kuma ki yi masa gwajin narkewa.

Na murzawa, mil 10: uwar turare mil 2, mai ɗauka (wato man da za ki sirka ta da shi) mil 8. Nan ne mata da yawa ke tuntuɓe. Man turaren kasuwa galibi an riga an sirka shi da wani ruwa mai ɗan kauri marar wari da ake kira DPG, shi kuwa DPG ba ya haɗuwa da man tsirrai. Sai ki zuba man jojoba mai tsada, washegari ki tarar kwalbar ta rabu hawa biyu. Ki gwada da ɗigo biyar na mai ɗaukar da ɗigo ɗaya na uwar turare a murfin kwalba. Idan sun haɗu garau bayan awa ɗaya, ki ci gaba. Idan sun rabu, ki sayi DPG ɗin kansa ki yi da shi. Man gyaɗa da na riɗi da na zaitun suna da nasu warin, kuma zafi na sa su yi ɗoyi cikin 'yan watanni. Man kwakwa na girki yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da 24, sai ƙwallon ya ƙi juyawa da safiyar hunturu. Wanda ya dace shi ne man kwakwa tatacce da ba ya daskarewa. Na murzawa ba ya tafiya nesa, yana zama kusa da fata, shi ya sa ya fi dacewa da wadda ba ta son ƙamshinta ya riga ta isa wuri idan ta fita.

Na fesa jiki bayan wanka, mil 100: uwar turare mil 3, etanol mil 80, tataccen ruwa na kemis mil 17. Ba ruwan leda ba, ba na rijiya ba. Ki narkar da man a etanol tukuna, sannan ki riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan kina juyawa. Da zarar kin ga hazo ya fara bayyana bai ɓace ba, ki tsaya, ki cike sauran da etanol.

Rabin mil ɗin da ya rage ki ajiye shi da kwanan wata a jiki. Da shi za ki auna haɗi na gaba.

Jira

Sabon haɗi warin sinadari yake yi, kuma kowane mai yana tsaye shi kaɗai. Sai ya yi mako uku zuwa huɗu a rufe kafin su saje. Ki ajiye a wuri mai duhu da sanyi, ƙasan sif a cikin kwali, ko kusa da randa idan akwai. Ki girgiza sau ɗaya a rana a makon farko, daga nan ki ƙyale shi. Kada ki buɗe murfin ki bar shi wai don warin sinadarin ya fita. Lemo da tuffa ne za su fara ficewa, ki tashi da turaren da ba shi da kai.

Idan bayan makonnin kin ga ɗan gari-gari ko hazo, ki sa kwalbar a firij kwana ɗaya, ki tace da takardar tace kofi tun tana da sanyi. Ki ƙulle ta a leda biyu don kada abinci ya ɗauki ƙamshi, kuma ki sa ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Ruwa ne mai ƙamshin mangwaro a cikin firij, yaro ba zai yi tambaya ba. Wajen juyewa a kwalbar feshi ki bar sararin yatsa ɗaya a sama, domin siririn bututun yana cin wuri.

Kafin ki fara amfani, ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu ki bari kwana biyu. Ja, ƙaiƙayi ko ƙananan ƙuraje na nufin wani mai bai karɓe ki ba.

Lemo da rana

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, tunda turaren rana ake magana. Wasu man dangin lemo da aka matse daga ɓawo suna ɗauke da sinadarin da ke ƙona fata idan rana ta haska shi. Wurin ya yi ja kamar ƙuna, daga baya ya bar baƙin tabo, sau da yawa a gefen wuya da siffar gangarowar ɗigon turaren. Tabon yakan ɗauki watanni bai gushe ba. Man lemon da ake kira bagamot ne kan gaba. Ƙungiyar masu masana'antar turare ta duniya, IFRA, ta iyakance shi a kashi 0.4 cikin 100 na abin da zai zauna a fata. Lemun tsami da aka matse iyakarsa kashi 0.7, garehul kashi 4. Lemun zaƙi ba ya cikin masu wannan illar, shi ya sa aka zaɓe shi a haɗin nan.

Ga lissafin don a ga girman abin. A turaren feshinmu lemo ya kama kashi 2.25 cikin 100 na kwalbar. Idan kika ce bagamot ya fi ƙamshi kika sa shi a wannan gurbin, kin ninka iyakar fiye da sau biyar. Idan dole sai shi, ki nemi wanda aka rubuta wa FCF, an cire masa sinadarin. Lemun tsami kuma wanda aka tatse da tururi ba ya ƙuna. Mai sayarwa idan bai san wanne ne a hannunsa ba, ki ɗauka mai ƙunar ne, ki fesa a kaya ko inda tufa ke rufewa. Wadda ke shafa man ƙara hasken fata ta ƙara kiyayewa, fatarta ta riga ta yi laushi.

Shafawa

Bayan wanka, fata ta bushe, ki shafa mai marar ƙamshi ko basilin siriri a inda za ki fesa. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Fesa biyu ko uku sun isa: ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a cikin kowace gwiwar hannu. Kada ki murza hannu da hannu, ki bar shi ya bushe da kansa. Hammata ba wurin turare ba ce, zaƙi da gumin wurin idan suka haɗu tsami suke bayarwa. Ki fesa kafin ki sa sarƙa da ɗankunne, etanol yana cinye ruwan gwal na kayan kwalliya.

Yadi ya fi fata riƙe ƙamshi a zafi. Fesa ɗaya a gefen mayafi daga nisan taki guda yakan wuni. Amma banila tana rinewa zuwa ruwan ƙasa idan ta sha iska da haske, don haka farin leshi da farar shadda ki gwada a cikin kalmasa tukuna.

Sai kayan da aka turara. Rigar da ta kwana a kabbasa ta sha hayaƙin oud da hawi ba za ta bar mangwaro ya yi magana ba, abin da zai fito cakuɗe ne mai nauyi, irin wanda ake gudu tun farko. Ki ware kayan rana, ko dai kada a turara su, ko a ba su hayaƙin sandal kaɗan. Humra a bar ta sai dare.

Kada ki sa ran irin wannan turaren ya wuce awa uku zuwa huɗu a fata cikin bazara. Haka halittarsa take, kuma ƙara yawan mai ba ya tsawaita lemo da tuffa, miski da banila kawai yake ƙara wa ƙarfi. Ki riƙe 'yar kwalba ta mil 5 a jaka. Bayan alwalar azahar ki goge gumi, ki ƙara fesa ɗaya. Idan kin daina jin ƙamshinki bayan rabin awa, hancinki ne ya saba, mutane suna ji.

Idan abu ya ɓaci

Zaƙi ya yi yawa: kada ki taɓa babbar kwalbar. Ki ɗebi mil 5, ki ɗiga lemun zaƙi ɗigo ɗaya da tuffa ɗigo ɗaya, ki jira kwana biyu. Idan ya gyaru ki ninka lissafin a sauran. Idan har yanzu yana hawa kai, ki ƙara etanol mil 5 a kan mil 30 ɗin. Ɗigon na'a-na'a guda a kwalbar gaba ɗaya yana kawo sanyi, biyu kuma man goge baki za su mayar da shi.

Yana gudu kafin awa ɗaya: ko dai man an sirka shi da yawa tun a shago, ko na ƙasan ya yi kaɗan. Ki gwada a takarda. Idan takarda ta riƙe shi fata ba ta riƙe ba, bushewar fata ce. Idan takardar ma ba ta riƙe ba, ki ƙara miski mil 0.3 a kwalbar mil 30, ki sake jira mako guda.

Yana daɗi a kwalba, yana tsami a jikinki: abarba da sitiroberi sun fi yin haka a kan gumi. Ki cire su a haɗi na gaba, wannan kuma ki riƙa fesa shi a kaya.

Ya yi hazo bayan ya daɗe garau: ruwa ya shiga, ko murfin bai kama ba etanol ya ragu. Ki ƙara etanol mil 2, ki girgiza. Idan mai ne ke yawo a sama, man sirki ne, tacewa ba za ta raba ku ba.

Launi ya koma kamar shayi amma ƙamshin na nan: banila ce, ba komai, sai dai a kiyaye fararen kaya. Idan kuwa ƙamshin farko ya koma kamar fenti ko tsohon man girki, lemon ya lalace. A zubar, domin man lemo da ya sha iska ya fi saurin kawo ƙaiƙayi. Abin da ke jawo haka shi ne ajiya a kan madubi kusa da taga, ko a cikin mota da aka rufe a rana, ko kwalba babba da ta rage kwata sauran duk iska. Saboda wannan ne ake haɗa mil 30 kawai, a ƙarar cikin shekara guda. Kwalbar roba ma ba ta yi wa uwar turare, man lemo yana cin wasu robobin har su yi laushi.

Kowace kwalba ki manna mata takarda: ranar haɗi, kashi nawa ne, da lambar shafin littafin da awon yake. Wadda za ta sayar kuma ta sani turare na cikin kayan kwalliyar da ake yi wa rajista a hukumar NAFDAC, kuma duk sanda ta canza shagon da take sayen mai, sai ta koma gwajin ɗigo 20 kafin ta cika kwalaben mutane.